Ginin da Ya Dace da Ƙasa: Darasi Daga Minjibir

Gabatarwa

Muhalli yana ɗaya daga cikin manyan buƙatun ɗan'adam guda uku, tare da abinci da sutura. Amfanin ɗaki na farko, tun kafin a zo ga maganar ado ko nuna arziki, shi ne ya tsare mai shi daga rana da ruwa da iska da sanyi, ya kuma rufa masa asiri. Idan ɗaki ya kasa yin wannan aiki, to, komai kyan fentinsa da tsadar kayan da aka gina shi da su, ya gaza. A wannan maƙala ina so in ɗora gine-ginenmu na yau a kan wannan ma'auni, tare da ɗaukar ƙasar Minjibir ta Jihar Kano a matsayin misali. Ra'ayina shi ne, a cikin shekaru hamsin da suka wuce mun bayar da ɗaki mai sanyi mun karɓi ɗaki mai ƙarko, alhali da mun tsaya mun yi nazari da mun sami duka biyun. Haka kuma ina ganin malamin makaranta yana da rawar da zai taka wajen gyaran wannan al'amari, fiye da yadda mutane suke zato.

Ƙasar Minjibir da Yanayinta

Ƙaramar Hukumar Minjibir tana arewa maso gabas da birnin Kano, kuma ta ƙunshi garuruwa irin su Kunya da Wasai da Azore da Kantama da Kuru. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna tana da mutane sama da dubu 200. Tana cikin yankin nan mai cunkoson jama'a da ya kewaye Kano, inda gona take manne da gona, kuma da wuya mutum ya yi tafiya mai nisa bai ga gida ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960. Daga cikin abubuwan da ya nuna akwai cewa, duk da yawan jama'a, manoman ƙasar Kano ba su share itatuwa daga gonakinsu ba, suna barin ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo suna kula da su. Wannan batu yana da muhimmanci a gare mu, domin daga ƙasa da itace da kara da ciyawar wannan yanki magabata suka sami kayan gininsu.

Yanayin wurin kuwa yana da fuska uku, kuma kowace fuska da abin da take nema daga ɗaki. Da bazara, wato watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin rana kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ma ya wuce. Da hunturu, a watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15, ga kuma ƙura da busasshiyar iska. Da damina kuma, musamman a watan Agusta, ruwa kan zo da ƙarfi tare da iska mai kwashe rufi. Abin lura a nan shi ne, a yawancin watannin rani akwai tazara mai faɗi tsakanin zafin tsakar rana da sanyin dare. Duk ginin da zai dace da Minjibir dole ya iya da waɗannan fuskoki uku, ya kuma ci moriyar wannan tazara.

Yadda Zafi Yake Shiga Ɗaki

Kafin mu yanke wa kowane irin gini hukunci, ya kamata mu fahimci yadda zafi yake tafiya. Zafi kullum yakan tashi daga wuri mai ɗumi ya nufi wuri mai sanyi, kuma yana bin hanyoyi uku. Yakan ratsa cikin abu, kamar yadda cokalin ƙarfe yake ɗaukar zafi idan an bar shi cikin miya. Yakan bi iska, kamar hucin da yake tashi daga murhu. Yakan kuma zo a matsayin haske, kamar yadda mai jin wuta yake jin ɗumi a fuskarsa ba tare da ya taɓa garwashi ba. A ƙasa irin tamu, inda rana take tsayawa kusan a tsakar ka, rufi ne yake shan mafi yawan dukan rana, sannan bangon yamma ya biyo baya.

Dabarun da ɗan'adam ya gano na kare kansa iri biyu ne. Ta farko ita ce sanya wa zafi shamaki, wato amfani da abu mara nauyi wanda ya ƙunshi iska a cikinsa, domin iskar da aka tsare wuri ɗaya ba ta barin zafi ya ratsa da sauri. Wannan shi ne sirrin bargo da rigar sanyi da kular abinci, shi ne kuma sirrin bunu da kara. Ta biyu ita ce jinkirta zafi, wato amfani da abu mai kauri da nauyi wanda yake shan zafi sannu a hankali, ya kuma sake shi sannu a hankali. Kowace uwargida ta san bambancin tukunyar ƙasa da ta dalma: ta dalma nan da nan take zafi, nan da nan take hucewa, ta ƙasa kuwa tana jinkirin ɗaukar wuta, tana kuma jinkirin sakinta. Bangon ƙasa mai kauri haka yake. Zafin da ya dake shi da tsakar rana yakan ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ya isa cikin ɗaki, sanyin da ya sha da dare kuma shi yake rabawa da hantsi da azahar.

To, idan muka auna kwanon rufi da waɗannan dabaru biyu, za mu ga ba ya da ko ɗaya. Ƙarfe ne wanda kaurinsa bai kai na farce ba, kuma ƙarfe ya fi ƙasa saurin ratsar da zafi ninkin-ba-ninkin. Da ranar bazara zafin jikin kwano kan wuce digiri 60, ya riƙa feso huci a kan na ƙasa da shi. Da daren hunturu kuma ya saki ɗan ɗumin da ke ɗakin, ya bar mutane suna makyarkyata.

Hikimar Magina

Maginin Hausa bai karanta waɗannan ƙa'idoji a littafi ba, amma aikinsa ya nuna ya san su. Yakan haƙo ƙasa mai kyau, ya jiƙa ta, a tattake ta da ciyawa ko ramno, a bar ta ta ruɓa na 'yan kwanaki, sannan a mulmula tubali a shanya a rana. Yakan fara bango da faɗi daga tushe, yana ragewa yayin da yake yin sama, don nauyi ya zauna daidai. Idan an zo rufi sai a jera azara, wadda ake tsagawa daga giginya saboda ƙarfinta da juriyarta ga gara, a shimfiɗa zana ko kara a kai, sannan a ɗora ƙasa a daɓe. Ka ga a rufin soro guda ɗaya an haɗa dabarun nan biyu: ga kara mai tsare iska, ga ƙasa mai jinkirta zafi. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyi a tazarar da ta wuce kamu huɗu ko makamancin haka, sai gwanaye suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda suka ba su damar rufe faffaɗan zaure, suka kuma ɗaga rufi sama yadda iska mai zafi za ta tashi ta bar mazauna ƙasa.

Don tsare gini daga ruwa kuwa, akwai makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, akwai kuma laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Akwai indararo mai fitar da ruwa nesa da bango. Tagogi ƙanana ne kuma a sama suke, don kada rana da ƙura su shigo. Talakan ƙauye da ba shi da halin soro yakan yi ɗakin ƙasa mai jinka, wanda shi ma bunun da ke kansa shamaki ne mai kyau. Bugu da ƙari, tsarin gida kansa kariya ne: ga zaure mai sanyi inda maigida yake wuni, ga rumfa da bishiya a tsakar gida inda mata suke aiki, ga fili inda ake shimfiɗa tabarma a kwana idan bazara ta tsananta.

Wannan ilimi ya kai matsayin da duniya ta shaida. Gidan Makama da ke Kano, wanda ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna a farkon ƙarni na 20, duk ginin ƙasa ne. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, an gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a wajejen shekarun 1830. A Jamhuriyar Nijar kuma, masallacin Yama da ke yankin Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina, ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gini a shekarar 1986.

Kowace Ƙasa da Irin Gininta

Idan muka ɗaga kai muka dubi wasu wurare, za mu ga kowace al'umma yanayin ƙasarta ne ya tsara mata gini. A Agadas da sauran garuruwan bakin hamada, inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba, rufi shimfiɗaɗɗe ne, bango mai kauri, lunguna kuma matsattsu don su ba juna inuwa. Da an gangaro Zariya, inda ruwa ya fi na Kano yawa, sai a ga tulluwa ta yawaita a kan soraye, saboda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Idan aka ƙara yin kudu zuwa ƙasar Nufe, sai jinka ta zama ita ce gaba, a yi bango da ƙasa a lulluɓe shi da ciyawa. A kudancin Nijeriya kuwa, inda iska take da laima kuma dare bai cika bambanta da rana ba, kaurin bango ba ya da wani amfani sosai. Abin da suke buƙata shi ne rufi mai gangara da baranda da tagogi masu faɗi da iska za ta ratsa. Bafillatanin daji da Buzu, waɗanda ba su zama wuri ɗaya, sai suka zaɓi bukka da tanti na kara da tabarma da fata, abin da za a kwance a ɗora wa sa ko raƙumi.

A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Jamus da Rasha, damuwarsu kishiyar tamu ce, domin su so suke kada ɗumin cikin gida ya fita. Saboda haka sukan yi bango ruɓi biyu da rata a tsakani, su cusa wani abu mai kama da auduga a ratar da kuma ƙarƙashin rufi, su sa wa taga gilashi biyu. Manyan tagogin gilashi da muke sha'awa a gidajensu, an yi su ne don a jawo hasken rana cikin ɗaki a ƙasar da rana take wuyar gani. A birnin Yazd na Iran, mai zafi da bushewa kamar namu, magina sun yi hasumiyoyi masu kamo iska su sauko da ita cikin gida. A tsibiran Girka kuma farar ƙasa suke shafa wa gidaje don ta mayar da hasken rana.

Darasin da ke cikin wannan zagaye a bayyane yake. Ginin da ya yi daidai a Legas ko Landan ba lalle ne ya yi daidai a Kunya ko Wasai ba. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Mu kuwa mun ari siririn bango da faffaɗar taga da rufin ƙarfe daga ƙasashen da yanayinsu ya sha bamban da namu, muka kuma bar musu shamakin da suke sakawa a ciki.

Yadda Kwano da Bulo Suka Mamaye Gari

Wannan canji bai zo dare ɗaya ba. Isowar layin dogo Kano a shekarar 1911 ita ta sauƙaƙa shigo da kwano da siminti daga bakin teku, kuɗin gyaɗa kuma ya ba wasu halin saye. Da farko gine-ginen gwamnati da na kamfanoni da gidajen attajirai ne suke da su. Da arzikin man fetur ya zo a shekarun 1970, sai siminti ya malalo ƙasar nan, har jiragen ruwa masu ɗauke da shi suka toshe tashar Legas a 1975. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai azuzuwan bulo da kwano kusan kowane ƙauye, shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 kuma ya bi wannan sawu. Yaron da ya tashi ya ga makaranta da asibiti da ofishin hukuma duk bulo da kwano ne, dole ya ɗauka cewa wannan shi ne ci gaba, gidan ƙasa kuma alamar talauci. A yau saurayin da ya je birni ya samo abin hannu, abin da zai fara yi shi ne ya tuge jinka ko ya rushe soro ya buga kwano, sau da yawa ba tare da silin ba, domin kuɗin kan ƙare kafin a kai nan.

A ɗaya ɓangaren kuma kayan ginin gargajiya sun yi wuya. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa tsaga, an kuwa sare ta fiye da yadda aka shuka. Ƙasar Minjibir an san ta da saƙa, kuma inda saƙa take rini yana kusa. Da karofi suka ragu sai katsi ya ragu, laso ya bi shi. Kara da ciyawa kuma dabbobi da murhu suna jiran su. Ashe mutuwar sana'a ɗaya takan ja wata.

Hujjar Masu Kwano

Adalci ne mu saurari wanda ya zaɓi kwano da bulo, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara. Idan ba a yi yaɓe ba kafin damina, ko indararo ya toshe, ko ruwa ya kwanta a gindin bango, to, ɗaki yana iya ruftawa a kan masu barci, kuma kusan kowane watan Agusta ana jin irin wannan labari a ƙasar Hausa. Ko masallacin Zariya da muka ambata, bayan ya yi kusan shekaru 190 a tsaye, wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023, aka yi asarar rayuka. Jinka tana saurin kama wuta da hunturu. Gara da ɓera da kunama suna samun maɓoya a tsohon bango. Kududdufin da aka haƙi ƙasa yakan zama matattarar sauro, wani lokaci ma ya ci yara. Gayyar da a da ake yi don yaɓe ta ja baya, saboda matasa suna birni wajen neman kuɗi. Sannan a tsakiyar bazara, soro kan saki zafin da ya tara da daddare, har ya kori mai shi zuwa tsakar gida. Ƙananan tagogi kuma, idan mutane sun yi yawa a ɗaki, sukan hana iska zagayawa, abin da likitoci suke gargaɗi a kansa a lokacin sanƙarau.

Duk waɗannan gaskiya ne. Amma idan aka lura, kusan dukkansu matsalolin ruwa ne da na kulawa, kuma suna da magani. Matsalar kwano tsirara kuwa ƙaruwa take yi. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, masana kuma sun danganta tsananinsa da sauyin yanayin duniya. Wanda ya dogara da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ya dogara ne da wutar lantarki, wadda a watan Oktoban 2024 ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa na tsawon kwanaki. Janareta kuma ya fi ƙarfin talaka tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Shi kansa siminti, buhunsa ya haura naira dubu goma a wurare da dama a farkon 2024. Waɗanda suka fi shan wahalar ɗakin kwano su ne waɗanda ba su da zaɓin fita: jarirai da masu jego da tsofaffi da marasa lafiya da matan da suke wuni a cikin gida.

Mafita

Ba ina kira ne a koma zamanin da ba. Abin da nake kira a yi shi ne a ba kowane kayan gini aikin da ya fi iyawa. Siminti da dutse sun fi ƙasa jure ruwa, to, a yi harsashi da su, a ɗaga shi sama da inda ruwa yake kwanciya. Ƙasa ta fi bulo jinkirta zafi, to, a tayar da bango da ita, ko da tubali ko da bulon ƙasa da ake matsawa da inji a zuba masa ɗan siminti kaɗan. Kwano ya fi komai tare ruwan sama, to, a mai da shi laima: a ɗaga shi sama, a fito da bakinsa waje yadda zai kare bango daga feshin ruwa da rana, a sa silin ko rufin ƙasa a ƙarƙashinsa, a kuma bar ƙofofin iska a tsakani don huci ya fice.

An gwada wannan an ga amfaninsa a ƙasashe masu yanayi irin namu. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗora kwano a sama da rata tsakaninsa da silin na ƙasa. Wannan aiki ya sami kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami kyautar Pritzker a 2022. A garin Dandaji na yankin Tawa, wanda garin Hausawa ne, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka kammala a 2018 tare da maginan wurin. Akwai kuma dabarar rufe ɗaki da bakan tubali ba tare da itace ko kwano ba, wadda aka samo daga ƙasar Nuba, aka kuma yaɗa ta a Nijar da Burkina Faso da Mali. Wannan amsa ce ga ƙarancin azara.

Wanda kuma ya riga ya yi ɗakin bulo da kwano, shi ma da sauran dabara. Yana iya yin silin ko da na zana ko asabari ne. Yana iya shafa wa kwano farin fenti, kamar yadda aka yi wa dubban gidajen talakawa a birnin Ahmedabad na Indiya bayan hukumar birnin ta fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013. Yana iya buɗe taga biyu masu kallon juna, ya kafa rumfa a jikin bangon yamma, ya shuka darbejiya ko mangwaro a inda inuwarsu za ta faɗa kan ɗaki da la'asar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai kuɗin janareta.

Aikin Malami

Ɗalibi mai shirin zama malami zai iya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da maganar gini? Abubuwa uku ne suka haɗa su. Na farko, aji shi ne ɗakin da zai yi rayuwar aikinsa a ciki. Ajin da ya cika da yara a ƙarƙashin kwano mara silin, da ƙarfe goma sha biyun ranar Afrilu, ba wurin karatu ba ne. Yara gyangyaɗi suke yi, malami kuma muryarsa ta dushe. Da damina kuma ƙarar ruwa a kan kwano takan tsayar da darasi ɗungurungum. Malamin da ya san dalilin haka zai iya yi wa shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai bayani mai gamsarwa, ya nemi a fara da silin da bishiya kafin fenti da allon suna.

Na biyu, harshe. Kalmomi irin su tubali da azara da makuba da laso da zanko da shigifa da tafarfara da ɗaurin guga suna cikin taskar Hausa, kuma kowace kalma tana ɗauke da ilimin da aka tara a cikin ƙarnoni. Idan sana'ar ta mutu kalmomin za su bi ta, su zama abin da ake haddacewa don jarrabawa kawai. Malamin da aka tura Azore ko Kantama yana iya gayyatar tsohon magini aji, ko ya kai ɗalibai wani tsohon zaure, su ji sunan kowane sashe daga bakin mai sana'a, su dawo su rubuta insha'i a kai. Yana iya sa su taɓa bangon zaure da bangon aji a sa'a ɗaya, ko su ajiye ruwa a kofi biyu, ɗaya a ɗakin ƙasa ɗaya a ɗakin kwano, su gwada bayan azahar. Darasi ɗaya ya haɗa harshe da al'ada da kimiyya ke nan.

Na uku, tunani. Abin da ya fi cutar da ginin ƙasa shi ne kunyar da aka sa wa masu shi. Yaron da ake yi wa dariya don gidansu na ƙasa ne, zai girma da burin rushe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malami ne zai nuna wa yaro cewa kakansa da ya gina soro masani ne, kuma ana auna ɗaki da sauƙin da yake ba mazauna cikinsa kafin a dubi ƙyallinsa.

Kammalawa

A taƙaice, yanayin Minjibir da sauran ƙasar Hausa yana buƙatar bango mai kauri da rufi mai shamaki da inuwa da iska. Magabata sun samar da waɗannan da abin da ke hannunsu, sai dai ruwa ya riƙa cin galaba a kansu. Zamani ya kawo siminti da kwano waɗanda suka yi maganin ruwa, amma suka buɗe wa zafi ƙofa. Hankali shi ne a haɗa ƙarfin biyun, kuma an ga inda aka haɗa aka dace. Saura hukumomin da suke gina azuzuwa su daina karɓar aji mara silin daga hannun 'yan kwangila, makarantun koyon sana'a su buɗe ƙofa ga maginan gargajiya tun suna raye, manoma su ci gaba da barin ɗorawa su kuma mayar da giginya gona, malamai su kai maganar cikin aji. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Tun da zafin duniya ƙaruwa yake yi, ya kamata yaran da za ku koyar su tashi da sanin yadda za su gina ɗakin da za su iya kwana a cikinsa.